Ido Garau, Gani Babu: Abubuwan Ban Mamaki Game da Ƙwaƙwalwa

Mu a nan, da zarar an ce mutum ba ya gani sai a buɗe idonsa a leƙa. In an ga fari a ce yanar ido ce, a fara neman kuɗin aiki. In kuwa ba a ga komai ba, sai zance ya karkata zuwa sammu ko iska, wani lokaci ma a ce ƙarya yake yi. Alhali mafi yawan aikin gani a cikin ƙwaƙwalwa ake yin sa, kuma takan samu rauni ido yana nan lafiya lau. Ga wasu daga cikin abubuwan da likitoci suka ci karo da su.

A ƙeya ake gani

Ido haske kawai yake karɓa. Yakan mai da shi saƙo, saƙon ya bi wata jijiya mai zare sama da miliyan ɗaya, ya ratsa tsakiyar kai har can baya, daidai inda bakin hula yake zama. A nan ake fara tantance abin da aka kalla. Shi ya sa ɗan kabu-kabu zai faɗi a hanyar Gusau zuwa Tsafe, ƙeyarsa ta bugi kwalta, ya tashi babu ko ƙwarzane a fuskarsa, amma ya ce duniya ta yi masa duhu. Shi ya sa kuma wanda aka maka wa sanda a ƙeya yake ganin taurari da rana tsaka. Wani likitan ido ɗan Japan, Tatsuji Inouye, ya zana taswirar wannan wuri a 1909, bayan ya duba sojojin da harsashi ya ratsa musu ƙeya a yaƙin ƙasarsa da Rasha na 1904 zuwa 1905. Ya lura inda harsashin ya bi shi ke nuna ɓangaren da sojan zai daina gani. Abin da ke hagunka, ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ne ke ganin sa, abin da ke damanka kuma ɓarin hagu.

Malamin Basra

Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shiga ido, a lokacin da masana da yawa suke ganin ido ne ke fitar da haske ya taɓo abu. A littafinsa Kitabul Manazir ya ƙara da cewa gane abu yana faruwa ne in an gwada abin da ido ya kawo da siffofin da aka riga aka ajiye a rai, cikin saurin da mutum ba ya ma sanin an yi. Shekara dubu ke nan, kuma binciken zamani bai ƙaryata shi ba.

Kowa yana da rami a ganinsa

Ɗauki takarda, ka zana alamar giciye a hagu, ɗigo baƙi a dama, da tazarar faɗin tafin hannu. Rufe idon hagu, ka kafe giciyen da idon dama, kana matso da takardar a hankali. Za a zo wani wuri da ɗigon zai ɓace ɓat. Ya faɗa ne a gurbin da jijiyar gani ta fita daga ido, inda babu ƙwayoyin jin haske ko ɗaya. Edme Mariotte na Faransa ya bayyana wannan tun shekarun 1660. Ba ka taɓa lura da ramin ba domin ƙwaƙwalwa tana cike shi da abin da ke kewaye da shi.

Wannan kirki nata yana da illa. Hawan jinin ido yana cin gani daga gefe a hankali, ƙwaƙwalwa tana ta cike gurbin, mutum yana ta harkokinsa, sai ranar da abin ya iso tsakiya. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna mutum 4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido na bin ta. Ta farko ana cire ta gani ya dawo. Abin da na biyun ya ci ya tafi ke nan.

Sauri

A 1996 Simon Thorpe da abokan aikinsa a Faransa suka auna cewa ƙwaƙwalwa na rarrabe hoto mai dabba da marar dabba cikin kusan kashi ɗaya bisa bakwai na daƙiƙa. Kafin ka ce “akuya ce”, an daɗe da yanke hukuncin a ciki.

Darasi daga kyanwa

David Hubel da Torsten Wiesel sun gano a 1959 cewa a ƙeyar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsi sai sun ga layi a tsaye, wasu sai a kwance, wasu sai a karkace. Daga irin waɗannan guntayen layuka ake harhaɗa siffar tulu, da ta raƙumi, da ta fuskar mahaifiya. Sun kuma rufe wa 'yar kyanwa ido ɗaya a watanninta na farko, da aka buɗe sai ga ido lafiyayye amma ba ya gani, domin ɗaya idon ya mamaye gurbinsa a ƙwaƙwalwa. Babbar kyanwa kuwa da aka yi mata haka ba abin da ya same ta. An ba su kyautar Nobel a 1981. Iyaye su riƙe wannan: jaririn da aka ga fari a ƙwayar idonsa, ko yaron da idonsa ya karkace ya zama harara-garke, ba a cewa a bari ya girma tukuna. In lokacin koyon gani ya wuce, ko an gyara idon daga baya ƙwaƙwalwa ba lallai ta karɓe shi ba.

Aiki a rarrabe

A ƙwaƙwalwar biri an ƙirga yanki sama da 30 da ke aikin gani, kowanne da sana'arsa: wannan launi, wannan motsi, wancan fuska. Kamar kasuwar Gusau ce, layin 'yan hatsi daban, na 'yan yadi daban, na mahauta daban, kuma gobara na iya cinye layi ɗaya ta bar sauran suna ciniki. Daga ƙeya manyan hanyoyi biyu ne suka fita. Ɗaya ta gangara ta gefen kai, wajen kunne, tana amsa tambayar “mene ne wannan?” Ɗayar ta haura sama tana amsa “ina yake, kuma yaya zan kama shi?” Duk abin mamakin da ke tafe daga wannan rarrabuwa ya taso.

Hannu ya gani, mai hannun ba ta gani ba

A 1988 wata mata 'yar Sukotland da ke zaune a Italiya, wadda likitoci ke kira da haruffan D.F., ta shaƙi iskar guba daga na'urar dafa ruwan wanka. Ta farfaɗo tana ganin launi, tana iya cewa wannan abu ja ne kuma na roba ne, amma ba ta iya faɗin siffarsa. Aka nuna mata wata tsaga a jikin allo aka ce a tsaye take ko a kwance, ta kasa. Aka ba ta kati aka ce ta zura a ciki, sai hannunta ya juya daidai ya zura ba kuskure. Hanyar ƙasa ta lalace, ta sama tana nan. David Milner da Melvyn Goodale sun shafe shekaru suna nazarin ta.

Iskar da ta yi mata wannan ɓarna, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma ita ce dai ke fita daga janareta da kaskon gawayi. Wanda yake shigar da kasko ɗaki lokacin hunturu ya rufe ƙofa da taga, ko yake tayar da janareta a zaure saboda tsoron ɓarayi, da ransa da ƙwaƙwalwar iyalinsa yake wasa.

Wanda ya ɗauki riga wando

Heinrich Lissauer, likita a Jamus, ya ba da labarin wani dattijo mai shekara 80 a 1890, wanda idonsa ke aiki, yana ma iya kwaikwayon zane, amma yakan ɗauki rigarsa a matsayin wando. In ya taɓa abu ko ya ji ƙararsa, nan take sai ya gane shi. Likitoci suna kiran wannan larura agnoshiya. Wanda ya fi shahara da ita shi ne wani malamin kiɗa da Oliver Sacks ya rubuta labarinsa a 1985: da zai bar ɗakin likita sai ya kai hannu ya kama kan matarsa yana ƙoƙarin ɗagawa, a zatonsa hularsa ce. An miƙa masa fure ya yi ta siffanta tsawonsa da launinsa bai san ko mene ne ba, sai da ya sunsuna.

Akwai wanda ya fi wannan ɗaure kai. A 1984 Elizabeth Warrington da Tim Shallice a Landan suka bayyana marasa lafiyar da kumburin ƙwaƙwalwa ya bar su suna gane kayan aiki irin su almakashi da tocila, amma in an nuna musu dabba ko tsiro sai su tsaya cak.

Fuska

Hausawa na cewa ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. To akwai mutanen da ko wanda suke gani kullum baƙo ne a idonsu. Suna ganin hanci, suna ganin baki da gira, amma ba sa haɗuwa su zama wane. Mutum zai wuce ɗan cikinsa a bakin masallaci bai san shi ba ne, sai yaron ya yi magana. Wasu ko fuskarsu a madubi ba sa shaidawa. Joachim Bodamer ya sa wa larurar suna a 1947 bayan ya duba sojojin Jamus da suka ji rauni a kai, kuma a 1997 Nancy Kanwisher a Amurka ta nuna da na'urar hoton ƙwaƙwalwa wani ɗan yanki a ƙarƙashinta, musamman a ɓarin dama, wanda yake tashi in an ga fuska.

Ba sai an yi hatsari ba. Bincike ya nuna wajen mutum 2 cikin 100 haka aka haife su, kuma abin yakan bi jini. Oliver Sacks kansa yana cikinsu. A garin da gaisuwa take da nauyi irin namu, wannan ba ƙaramin kaya ba ne. Sau nawa aka ce wance ta yi kuɗi ta daina gaida mutane, ko wane ya samu muƙami yana ɗauke kai? Cikin waɗanda ake yi wa wannan shaida akwai bayin Allah da ba su gane mutumin ba ne kawai, kuma kunya ta hana su faɗa. Sukan dogara da murya, da salon tafiya, da irin hula, da tsagar gado in akwai ta. In mace ta sauya mayafi, ko an haɗu a wurin da ba a saba ba, shi ke nan sun ɓata.

Makiyaya su ji wannan. A 1993 aka ba da rahoton wani Bature, W.J., da bugun jini a ƙwaƙwalwa ya hana shi gane fuskar mutane, daga baya ya koma kiwo ya tara tumaki 36. Da aka gwada shi da hotuna, sai ga shi yana rarrabe fuskokin tumakinsa fiye da yadda yake rarrabe na mutane. An kuma samu akasin haka a Suwizalan a 1984: manomin da gane mutane ya dawo masa, amma ya kasa gane shanunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga Bafulatani ya tsamo saniyarsa cikin ɗaruruwa, ya san girman wannan rashi. Su ma tumakin ba a bar su a baya ba: a 2001 masu bincike a Kambirij suka nuna tunkiya na iya riƙe fuskokin tumaki 50 har tsawon shekara biyu.

“Wannan ba mijina ba ne”

A 1923 Joseph Capgras a Faris ya ba da labarin wata mata da ta dage an ɗauke mijinta an kawo mai kama da shi. Ta yarda kama ta yi kama, amma ba shi ba ne. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi: gane fuskar yana nan, amma sanyin da zuciya ke ji in an ga na gida ya yanke, sai ƙwaƙwalwa ta nemo dalili. Wani saurayi a Amurka da ya samu wannan bayan hatsarin mota yana ƙaryata iyayensa in ya gan su, amma in sun kira shi a waya sai ya karɓe su. Ana ganin irinsa a tsofaffi masu ruɗewar tsufa. In kaka ta fara cewa an musanya mata 'ya, a kai ta likita, a daina gardama da ita.

Shayin da ya daskare

Wata mata a Jamus, L.M., ta samu toshewar jijiyar jini a kai a 1978, tana da shekara 43, sai ta daina ganin motsi. In tana zuba shayi sai ta ga ruwan ya tsaya cik a iska, ba ta ganin kofi yana cika sai ya malala. In za ta tsallaka titi takan hango mota can nesa, sai kawai ta gan ta a gabanta. Ta koyi auna nisan mota da kunne.

Rabin duniya babu launi

A 1888 likitan ido Louis Verrey ya duba wata dattijuwa da bugun jini ya sa duk abin da ke damanta ya koma toka-toka, na hagunta kuma yana nan da launinsa.

Ya rubuta, ya kasa karantawa

Wani attajirin yadi a Faris ya wayi gari a 1887 ba ya iya karanta ko harafi ɗaya. Yana magana, yana gane mutane, yana karanta lambobi, yana ma rubuta wasiƙa da hannunsa ba kuskure, amma in aka miƙo masa ita sai ya ga zane kawai. In ya bi harafin da yatsa sai ya gane shi. Jules Dejerine ya duba ƙwaƙwalwarsa bayan rasuwarsa a 1892, ya samu raunin a baya ta hagu. A yau an san wurin sosai, kuma kusan guri ɗaya ne ga mai karatun boko, da mai karatun Larabci, da mai karatun Sinanci. In irin wannan ta samu alaramma, zai iya kawo sittin da ka, ya iya rubuta allo, amma ya kasa biya abin da ya rubuta.

Rabin akushi

Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama ta hagu, wato raunin yana ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, yakan manta da akwai hagu a duniya. Zai cinye tuwon da ke dama ya ce a ƙaro, ga rabi nan bai taɓa ba, sai an juya masa akushin. Zai aske rabin gemu. A 1978 likitoci biyu a Milan suka ce wa masu wannan larura su tuno babban dandalin garin kamar suna tsaye a gefe ɗaya, sai suka lissafa gine-ginen dama kawai. Aka ce su tuno shi daga ɗaya gefen, sai suka kawo waɗanda suka tsallake, suka bar na farko. Masu jinya su riƙa zama ta hagunsa suna yi masa magana, su riƙa jawo hankalinsa can, domin hakan na taimaka wa farfaɗowa.

Makahon da ke kauce wa kaya, da makahon da ya ce yana gani

Wani likita, T.N., bugun jini biyu a jere sun lalata masa cibiyar gani ta ƙeya baki ɗaya a 2003, ya koma riƙe sanda. Masu bincike suka jera kaya a wani dogon baranda, suka karɓe sandar, suka ce ya taka. Ya bi ya kauce wa kowane ɗaya, shi kuma ya ce bai ga komai ba. Akwai tsofaffin ƙananan hanyoyi daga ido da ba sa bi ta ƙeya, su ne ke tuƙa ƙafa mutum bai sani ba. Lawrence Weiskrantz na Okusfod ya bayyana wannan tun 1974.

Kishiyarsa kuma Gabriel Anton ya bayyana ta a 1899: mutum ya makance ƙurmus ta ƙwaƙwalwa, amma ya rantse yana gani. Zai yi karo da bango ya ce ɗakin ne ba haske. Da gaskiyarsa yake faɗa.

Tsohon da ke ganin mutane a ɗaki

Charles Bonnet na Janeba ya rubuta a 1760 cewa kakansa, mai kusan shekara 90 wanda yanar ido ta cinye masa gani, yana ganin mutane da tsuntsaye da kekunan doki suna giftawa, kuma ya san sarai ba na gaske ba ne. Hankalinsa ƙalau. In saƙo daga ido ya yi ƙaranci, ƙwaƙwalwa takan fara ƙirƙiro nata. Wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato, sai dai tsofaffi suna ɓoyewa don kada a ce sun taɓu ko an yi musu jifa. Hotunan ba sa magana, kuma sau da yawa in an kunna fitila ko an ƙifta ido sukan gushe. Sanin cewa abin yana da suna, kuma ba hauka ba ne, yakan sauke wa tsoho rabin damuwarsa.

Fuska a jikin dutse

Ƙwaƙwalwa na da zumuɗin ganin fuska har inda babu ita. Ɗigo biyu da layi ɗaya sun ishe ta. Shi ya sa ake ganin fuska a Dutsen Zuma da ke bayan takardar naira 100 ta 1999, kuma yaro zai nuna maka siffar mutum ko ta dabba a duwatsun Kwatarkwashi in rana ta karkata. A 1976 kumbon Viking 1 ya ɗauko hoton “fuska” a duniyar Mas, aka yi ta surutu, sai hoton 2001 ya nuna tudu ne. Jariri ma, mintoci kaɗan bayan haihuwa, ya fi bin zane mai kama da fuska da ido.

In an buɗe ido bayan shekaru

Sidney Bradford a Ingila ya makance tun yana jariri, aka yi masa aiki ya fara gani yana da shekara 52. Nan da nan ya iya faɗin lokaci a agogon bango, domin ya saba laluben hannun agogo da yatsa. Fuska kuwa ta gagare shi. A Indiya, shirin Prakash na Pawan Sinha ya gwada yaran da aka cire wa yanar haihuwa: a kwanakin farko ba sa iya haɗa abin da suka taɓa da abin da suke gani, amma cikin 'yan kwanaki sai suka fara iyawa. Gani ma koyon sa ake yi.

Abin da ya faru a gida

Mu Zamfarawa ba sai an ba mu labarin Turai ba. A watan Maris na 2010 Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta gano yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake daka da niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. A Dareta da 'Yargalma, ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya tafi cikin shekara guda. Bagega sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Cikin waɗanda suka tsira akwai yaran da kumburin ƙwaƙwalwa ya bar su ba gani, idanunsu a buɗe tar. Haƙar zinariya ba ta tsaya ba, don haka dokar tana nan: dutse kada ya shigo gida, mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki yaro.

Kwalli ma a kula. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Kwallin da ake sa masa aka auna, sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce.

Sanƙarau da ya ɓarke daga Zurmi a ƙarshen 2016 ya kama sama da mutum 14,000 a ƙasar, ya kashe sama da 1,100, kuma yakan bar wasu da kurumta ko raunin gani. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yakan sa yaro ya farfaɗo daga suma ba ya gani, sai dai albishir shi ne da yawansu ganin yana dawowa cikin makonni ko watanni, don haka kada a yanke ƙauna a daina kai shi asibiti. Mai ciki ko mai jego da jininta ya hau ta ce gani ya ɗauke mata, jijjiga ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, kuma in an sauko da jinin da wuri ganin yakan dawo. Yara masu sikila su ma bugun jini na kama su, kuma binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna ana iya gano masu haɗarin da na'ura a kare su da magani.

Saboda haka, jama'a, in wani naku ya wayi gari ya daina gane fuska, ko ya kasa karatu, ko yana karo da ƙofa ta gefe ɗaya, ko rabin ganinsa ya ɗauke ko da na minti biyar ne ya dawo, a ɗauke shi a ranar, kada a jira gobe. Babban asibitin Tsafe ko na Bungudu na iya auna jini su tura gaba. A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a Sakkwato akwai sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Kaduna kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa. A tafi ana addu'a a hanya, kuma in likita ya ce ido lafiya yake, a roƙe shi ya duba kai.